Ragon Auta da Sallar Layya

Gidan su Auta yana cikin garin Maradi. Gidan ƙasa ne mai zaure ɗaya da ɗakuna huɗu, da itacen dogon yaro a tsakar gida. Mutum takwas ke kwana cikinsa: Baba da Inna da Kaka da yara biyar. Amma in an tambayi Auta, sai ya ce su goma sha ɗaya ne, don shi har da kyanwa da kare da rago yake ƙirgawa.

Kyanwar ta Kaka ce. A wasu garuruwa mage ake ce mata, a wasu kuma mussa. Tun da ta zo gidan, ɓera bai sake huda buhun hatsi ba. Karen na Yaya ne, babban wan Auta. Ba ya shiga ɗaki. A bakin zaure yake kwana, kuma yana da kaskon ruwansa daban. Rago kuwa, kowa ya sani, na Auta ne. Wato Baba ne ya biya kuɗi, amma Auta ne ya sha wahala.

Tun yana ɗan ƙarami, ramamme, Baba ya sayo shi a kasuwa wurin wani Bafillace. Tumakin ƙasar Nijar iri-iri ne. Akwai balami, fari fat, mai girman jiki. Akwai ara-ara na wajen arewa, wanda Buzaye ke kiwo. Akwai kundum mai gashi da yawa, a bakin kogin Kwara. Na Auta uda ne: rabin jikinsa na gaba baƙi, rabin na baya fari, sai ka ce an tsoma kansa cikin rijiyar rini an yi maza an ciro. Shi ya sa Auta ya sa masa suna Rabi-da-rabi.

Kullum in an tashi daga lakwal, Auta ba ya tsayawa wasan ƙwallo. Gida yake zuwa ya zuba wa ragonsa harawar wake, ya dama masa dusa da ruwa da ƴar kanwa. Da rani yakan tsinto masa ƴaƴan gawo cike da aljihu. Yakan bi tsakar gida yana tsince leda, don Mushe ya gaya musu leda ba ta narkewa cikin tumbin dabba, taruwa take yi har ta kashe ta. Sau ɗaya ya so ya zuba masa gero kwano guda, Baba ya hana shi, ya ce hatsi da yawa a lokaci ɗaya kumbura cikin rago yake yi. Cikin shekara guda Rabi-da-rabi ya yi ƙiba, ƙahonsa ya murɗe. Duk inda Auta ya sa ƙafa yana bayansa. Ran nan har ƙofar aji ya bi shi, ƴan aji suka yi ta dariya.

Sai watan Salla ya tsaya.

Ana yin Sallar Layya, wadda ake kira Babbar Salla, ran 10 ga watan Zulhajji. Shekarar Musulunci da wata ake ƙirga ta, kwananta 354 ne ko 355, alhali shekarar kalandar lakwal tana da kwana 365. Saboda haka kowace shekara Salla takan matso gaba da kamar kwana 11. A 2016 ta faɗo cikin watan Satumba, a 2025 kuwa cikin watan Yuni.

A makarantar allo Malam ya yi wa yara bayanin dabbar layya. Ya ce sai rago ya cika shekara ɗaya. Ya ce ba a layya da mai ido ɗaya, ko mara lafiya, ko ramamme ƙwarai, ko gurgu. Auta ya yi shiru yana saurare. Cikin duk maganar nan kalma ɗaya ya riƙe: gurgu.

Ran jajibere gida ya kacame. Ana kitso, ana ƙunshin lalle, tela ya aiko da ɗinki, Yaya ya shigo da itace cike da amalanke. Ba wanda ya lura da Auta. Ya yago tsumma, ya shafa masa ragowar lalle ya yi ja, ya ɗaure wa ragon a ƙafar baya. Sannan ya je ya durƙusa gaban Baba.

Ya ce: «Baba, Rabi-da-rabi ya gurgunce. Malam kuwa ya ce ba a layya da gurgu.»

Baba bai ce komai ba. Ya tashi ya kwance ragon daga turke, ya ɗebi harawa, ya tafi can ƙarshen gida ya girgiza ta. Rabi-da-rabi ya zabura da gudu, ya tsallake turmi, ya ture kwanon wanke-wanke, tsumman ya faɗi a hanya. Gida duka aka fashe da dariya. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba, Auta da Kaka.

Kaka ta ce: «Zo nan, maigidana.» Haka take kiransa, don tsakanin kaka da jika akwai wasa.

Ta zaunar da shi kan tabarma, ta bar shi ya yi kukansa har ya gaji. Sannan ta ba shi labarin Annabi Ibrahim, wanda Allah ya umurce shi ya yanka ɗansa Isma'ila. Uban ya yarda, ɗan ma ya yarda, sai Allah ya fanshi yaron da rago. Ta ce tun daga nan ake layya.

Auta ya ce: «To Kaka, don me ba za a sayo wani a kasuwa ba?»

Ta ce: «Da wane kuɗi? Ka manta an biya na magani na da damina? Ubanka ya sayo wannan tun yana ƙarami don bai iya sayen babba. Tun ran farko an gaya maka, kai ne ba ka so ka ji.»

Gaskiya ne, an gaya masa. Auta ya sunkuyar da kai.

Kaka ta ce: «Amma akwai aikin da ba mai iya shi sai kai. Dabbar da za a yanka tana da haƙƙi. Ba a jan ta a ƙasa, ba a bugunta, ba a barin ta cikin rana da ƙishirwa. Ba a wasa wuƙa a gabanta, ba a yanka wata tana kallo. In Yaya ya ja shi da igiya, tsorata zai yi. Kai kuwa ko ba igiya bin ka yake yi.»

Da asubar Salla, kafin kowa ya yi wanka, Auta ya wanke ragonsa da sabulu, farin ya yi fari, baƙin ya yi ƙyalli. Aka sa sababbin tufafi aka tafi Idi. Da aka dawo ba a yi hanzari ba, don ba a yanka sai liman ya yanka nasa. Da labari ya zo, Auta ya ba Rabi-da-rabi ruwa ya sha ya ƙoshi. Ya wuce gaba, ragon na bayansa, har gindin dogon yaro. Ya sosa masa tsakanin ƙaho kamar yadda ya saba, ya bar shi hannun Baba. Ya shiga ɗakin Kaka ya saki labule. Kyanwa ta zo ta hau cinyarsa. Can ya zauna har aka gama.

A Nijar ba a cinye ragon layya ran da aka yanka shi. In an feɗe, sai a buɗe shi, a shimfiɗa shi kan sanduna biyu da aka gicciye, a kafa su kusa da wuta. Maƙwabta sukan haɗa wuta ɗaya babba a ƙofar gida, raguna su kewaye ta. Ba a ɗora naman bisa wutar, zafinta ne ke gasa shi sannu-sannu, tun rana tsaka har dare, ana juya shi. A ranar, kayan ciki ake ci: hanta da ƙoda da zuciya da tumbi, waɗanda mata ke soyawa cikin gida. Fata ba a sayar da ita, nama ma haka. Sai dai a ci, a yi kyauta, a yi sadaka.

Wajen azahar sai aka ji muryar Inna: «Wa ya buɗe mini kwano?» Ta ajiye soyayyar hanta ta rufe da faifai, ga faifai a ƙasa, hanta ta ragu.

Nan take aka ce kare ne. Inna ta ɗauki muciya ta nufi zaure. Karen ya kwantar da kunne, ya maƙale jikin bango. Auta, wanda tun safe bai yi magana ba, ya ce: «Inna, tsaya. Tun da aka dawo Idi bai shigo ba. Dubi can.» Aka duba. Ga kyanwa bisa katanga tana lasar gashin bakinta, sai maiƙo yake yi.

Yaya ya ce: «Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!»

Inna ta juya da muciya wajen katanga, Kaka ta tare ta. Ta ce: «Kafin ki buge ta, tun safe wa ya ba ta ko ruwa?» Aka dubi juna. Ba kowa. Kaskon kare ma ya bushe ƙaf. Kowa yana ta hidimar Salla, an manta da su, ga ƙamshin nama ya cika gida. Kaka ta tuna musu abin da ya zo cikin hadisi game da matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, har ta mutu, aka yi wa matar azaba saboda haka. Ta ce sahabin nan Abu Huraira ma daga ƴar kyanwar da yake ɗauka ya samo laƙabinsa.

Sai aka shiga gyara. Yaya ya kwaso ragowar miyar albasa da ƙasusuwan kazar jiya zai zuba wa kare. Yayar Auta mai karatu a kwaleji ta riƙe masa hannu. Ta ce albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare da na kyanwa, dafaffen ƙashi kuma yakan tsage ya zama kamar allura, ya soke su a maƙogwaro ko a hanji. Ta tsoma musu ƴan yankan tumbi da huhu cikin ruwan zafi har suka dahu, ba gishiri ba yaji. Ta ƙara da cewa in an ga wani ƙulli mai ruwa a jikin hanta ko huhu, kada a jefa wa kare. A ƙone shi, ko a binne shi da zurfi, don akwai tsutsa ciki wadda ke girma a hanjin kare, daga nan ta koma jikin mutane.

Da dare ƙamshi ya jawo karnukan da ba a san masu su ba. Karen gida ya kwana yana korarsu. Baba ya ja kunnen yara kada su taɓa baƙon kare, saboda ciwon haukan kare, wanda ake ɗauka ta wurin cizo. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar, kada a jira. Akwai allurar rigakafi. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum ita a 1885.

Wanshekare aka yanyanka nama aka shiga rabo. Inna ta sa cinya guda cikin kwano, ta ce a kai wa wata tsohuwa a bayan gidansu, wadda mijinta ya rasu, ba ta yi layya ba. Auta ya ce shi zai kai.

Tsohuwar ta buɗe kwano, ta dubi naman, ta dubi yaron. Ta ce: «Ɗan nan, ba ragon nan ba ne mai bin ka lakwal?»

Ya ce: «Shi ne, Iya.»

Ta yi shiru. Can ta ce: «Rabona da nama tun ƙaramar Salla. Allah ya yi maka albarka.» Ta kira jikokinta uku suka zo suka kewaye kwanon.

Jiya Auta ko hanta bai taɓa ba. Yau da ya dawo, ya zauna kusa da Kaka, ta miƙa masa ƴar tsoka, ya karɓa ya ci.

Da yamma ya zazzage kuɗin barka da Salla bisa tabarma ya ƙirga: dala 90. Ya tambayi Baba ko sun isa sayen ɗan rago. Baba ya yi murmushi, ya ce ko wutsiya ba su saye, amma a ajiye, in an yi girbi a gani. Da Yaya ya zo da galma zai tuge turken don a share wurin, Auta ya ce a bar shi.

Tambayoyi

1. Don me Auta ke cewa su goma sha ɗaya ne a gidansu?
2. Yaya Baba ya gane ragon ba gurgu ba ne?
3. Wane aiki Kaka ta ba Auta ran Salla? Don me shi kaɗai ke iya yin sa?
4. Wa ya ci hantar Inna? A ganinku, laifin wa ne?
5. Dala ɗaya sefa 5 ce. Sefa nawa Auta ya samu?

Ku rubuta cikin kaye, ku karanta da Faransanci:
rago: le bélier. Tunkiya: la brebis. Kyanwa: le chat. Kare: le chien. Sallar Layya: la Tabaski.

Aikin gida: ku tambayi kakanninku yadda ake kiwon ragon layya lokacin da suke yara, gobe ku ba aji labari.