Kafin Ka Murɗa Makulli

Ɗana, ajiye sifanar nan ka zo ka zauna. Na ga ka cire bel ɗin taimin, hannunka kuma yana rawa ka mayar da sabo ka tayar da mota. Bari in gaya maka abin da ni sai da na yi asara na koya.

Wannan bel shi ne yake haɗa karanshaf da ke ƙasa da kamshaf da ke sama, ta yadda sai karanshaf ta juya sau 2 kamshaf take juyawa sau 1. Da haka ne bawul ke sanin lokacin buɗewa, ya kauce kafin fistin ya iso. A injuna da yawa wuri ɗaya suke ratsawa, lokaci ne kawai ya raba su. Idan lokacin ya ɓaci, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi.

Saboda haka fara da neman maki. Kawo fistin silinda ta 1 can ƙololuwa, a lokacin matse iska. Goge fulin karanshaf da tsumma har sai ka ga ɗan tsagin nan ya yi daidai da alamar jikin inji, sannan ka daidaita na kamshaf. Idan kamshaf ta goce sosai, kada ka juya ta alhali fistin yana sama. Ka ɗan kautar da karanshaf tukuna, fistoci su sauka tsakiya. In ka ji abu ya cije, tsaya. Ƙarfi ba ya gyara taimin.

Kowace mota da halinta. Peugeot 406 tana da ramukan da ake zura ƙarfe a kulle fuli. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 kuwa injinsu hagu yake juyawa, saɓanin yawancin motoci. Wanda bai sani ba ya tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Idan ka ɗora bel, ka bar sakin a ɓangaren tenshina, ka ɗaure yadda ya kamata. Sai ka cire filogi, ka sa sifana ka juya injin da hannunka, zagaye 2 cikakku, a hankali, kunnenka a buɗe. Ka sake duba maki. Ko haƙori 1 ne ya goce, cire ka sake, don mota za ta riƙa kakkarwa, ƙarfinta ya ragu, ta riƙa shan mai.

Ina saurayi na tsallake wannan juyin. Mai mota yana tsaye a kaina yana duba agogo, ni kuma na murɗa makulli. Ƙara ɗaya na ji, ƙas! Da muka buɗe kan inji sai ga bawuloli a karkace. Motar haya ce, da ita mutumin yake ciyar da iyalinsa, ta yi kwanaki a garejin. Maigidana bai zage ni ba, sai ya ɗora min bawul ɗin a tafin hannu ya ce in riƙe. Har yau yana cikin akwatin kayan aikina.

Motar mutane amana ce a hannunka, ɗana. Mai ita zai manta ka sa shi jira, amma ba zai manta ka kashe masa inji ba. Tashi ka ɗauki sifanarka, ka juya sau 2, ina nan ina kallo. Allah Ya yi wa hannunka albarka.