Yadda Maganin Kansar Nono Ya Koma Taimakon Mata Masu Neman Haihuwa

Kun san yadda tsohuwar waya kan koma kyamarar tsaro idan aka saka mata sabuwar manhaja? To masana kimiyya ma suna yin irin haka da magunguna. Ƙirƙiro sabon magani yakan ci sama da shekara 10, shi ya sa suke komawa kan waɗanda aka riga aka san illolinsu, su duba ko za su yi wani aikin daban. Buƙatar kuwa babba ce: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa.

Babban misali shi ne letrozole, wanda aka yi domin kansar nono. Aikinsa rage sinadarin istrojin a jiki. Idan ƙwaƙwalwa ta ga istrojin ya yi ƙasa, sai ta ƙara sakin sinadarin FSH mai sa ƙwan mace ya nuna ya fito. Wannan ne ke taimaka wa mata masu cutar PCOS, waɗanda ƙwansu ba ya fita a kan lokaci.

A 2014 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan mata 750 masu PCOS. Kashi 27.5 cikin 100 na waɗanda suka sha letrozole sun haihu, a ɓangaren tsohon maganin clomiphene kuwa kashi 19.1 ne. Yanzu shi likitoci da dama ke fara bayarwa.

Akwai kuma metformin, maganin ciwon suga, da ake ba wasu masu PCOS saboda jikinsu ba ya karɓar insulin yadda ya kamata. Shi kuwa rapamycin, da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka na gwada ko zai jinkirta tsufan ma'ajiyar ƙwan mace. Wannan har yanzu gwaji ne.

Don haka idan kika ga an ambaci waɗannan sunaye a TikTok, kada ki je kemis ki saya. Likita ne ke tantance ranakun al'adar da za a sha letrozole, kuma mai ciki ba ta shan sa. Sannan matsalar kan zo daga namiji, shi ya sa ya kamata miji da mata su je gwaji tare.