Darasin Turanci: Mene Ne "Sea Scallop"?

A zangon karatu na biyu, muna cikin karanta wani labarin masunta a aji biyar, sai muka ci karo da kalmomin nan biyu, "sea scallop". Na tambaya ko akwai mai iya fassara su da Hausa. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu da sauri ya ce, "Kifin teku ne, Malam." Aji ya amince, har wasu suka fara rubutawa. To, ba kifi ba ne. Ɗalibin ya ga "sea", ya san teku ke nan, sauran kuwa ya cika da kintace. Wannan hali shi ke kayar da yaranmu da yawa a jarrabawar fahimtar karatu: su gane rabin magana, su yi caca da rabin. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna kan kalmomin nan a wannan shafi, domin abin da za mu koya a kansu zai yi mana amfani a ɗaruruwan kalmomi irinsu.

Mu fara da "scallop". Wata halitta ce ta ruwan gishiri mai ɓawo biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna buɗewa suna rufewa kamar murfin akwati. Wanda ya taɓa tsintar ƙumba a bakin kogi ya san danginta. Sai dai ɓawon wannan shimfiɗaɗɗe ne kamar mafici. Wanda kuma bai taɓa ganin teku ba, ya ga hotonta ko da bai sani ba: tambarin nan ja da rawaya na kamfanin mai na Shell, ɓawon "scallop" ne, kuma kamfanin yana amfani da shi tun 1904.

Halittar tana da abin mamaki. Yawancin danginta sukan manne wuri ɗaya ko su binne kansu cikin laka, amma ita takan yi iyo. Idan maƙiyi ya matso, sai ta riƙa tafa ɓawonta da ƙarfi, ruwa ya fita ta baya, ita kuma ta yi tsalle gaba. Tsoka guda ce fara, mai kauri, a tsakiyar ɓawon take yin wannan aiki, kuma ita ce naman da ake ci. A gefen ɓawon kuma akwai ƙananan idanu jere, wasu irin har kusan 200, kowane ido da ɗan madubi a cikinsa da ke tattara haske. Ku tuna da wannan in an zo darasin kimiyyar halittu.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci. Tun da duk irin wannan halitta a ruwan gishiri take, me ya kawo ƙarin "sea"? Ba maimaici ba ne? A'a. A Turancin Amurka da Kanada, kalmar tana bambanta iri biyu ne da ake sayarwa a kasuwa. "Sea scallop" shi ne babba, wanda ke zaune can cikin Tekun Atlantika mai sanyi, daga gaɓar Kanada zuwa jihar North Carolina, galibi a zurfin mita 30 zuwa 100. Ɓawonsa yakan kai faɗin inci 6, yana kuma iya rayuwa har shekara 20. Ɗan'uwansa "bay scallop" ƙarami ne, yana zama a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, inda teku ya kutso cikin ƙasa, kuma da wuya ya wuce shekara biyu. Ashe "sea" a nan ba teku kawai yake nufi ba, yana nufin tsakiyar teku, kishiyar bakin gaɓa. Kamar yadda mu ma mukan ce "kazar gida" da "kazar Turawa": duka kaji ne, kalma ta biyu ita ke faɗa maka wacce za ka saya da nawa za ka biya.

Maganar kuɗi kuwa ba ƙarama ba ce. Garin New Bedford na jihar Massachusetts ya yi fiye da shekara 20 yana gaban duk tashoshin masunta na Amurka wajen darajar abin da ake saukewa, kuma yawancin kuɗin daga wannan halitta yake fitowa. An taɓa kamun ta fiye da kima har ta yi ƙaranci. A 1994 hukuma ta rufe manyan sassa na wani fegin kamun kifi mai suna Georges Bank, cikin 'yan shekaru kuma ta sake yawaita. A kasuwa, in ka ga an rubuta "U-10", ana nufin guda goma ba su cika ba laba ɗaya ta cika, wato manya ne ƙwarai, masu tsada.

Idan littafin da ke hannunka daga Ingila ya fito, da wuya ka ga "sea scallop". Su nasu iri daban ne, suna kiran babban "king scallop", ƙaramin kuma "queen scallop", wato sarki da sarauniya. Wannan ya nuna mana Turanci ba ɗaya ba ne, kuma ƙamus mai kyau yakan faɗa maka inda ake amfani da kalma. Ku riƙa duba wannan alama, kada ku tsaya a layin farko.

Ga ƙa'idar nahawu, wadda nake so kowa ya riƙe. Idan Bature ya jera suna biyu, na ƙarshe shi ne ainihin abin, na farko bayani ne kawai. Hausa kuwa akasin haka take yi: mu mukan ce "ruwan sama", abin ya zo gaba, bayani ya biyo baya. Saboda haka mai fassara sai ya fara daga baya. Jam'i ma a kan na ƙarshe yake sauka: "sea scallops", ba "seas scallop" ba. Amma a yi hattara, domin ba kullum wannan hanya take kai mutum gida ba. "Sea horse" ba doki ba ne, ɗan ƙaramin kifi ne, "sea lion" kuma ba zaki ba ne. Wajen furuci, wasu sukan ce "skolof", wasu "skalaf", duka biyun daidai ne, sai dai ku matse leɓe ku fitar da "p" ta ƙarshe sosai.

Kalmar ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, inda "escalope" ke nufin ɓawo. Daga siffar ɓawon aka sami "scalloped edge", wato bakin zane ko labule da aka yanka lanƙwasa-lanƙwasa. 'Yan matanmu na ajin ɗinki sun sha yin sa a bakin mayafin tebur ba su san sunansa ba.

Faransawa kuma suna kiran ta "coquille Saint-Jacques", wato ɓawon Yakubu tsarkaka. Yakubu ɗan Zabadi ke nan, masuncin da Hirudus ya sa aka kashe da takobi, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni 12:2. Bisa ga al'adar da Turawa suka gada, kabarinsa yana Santiago de Compostela a ƙasar Sifen, kuma tun ƙarni na 12 masu zuwa ziyara can sukan koma gida da ɓawon nan a rataye, shaidar cewa sun isa. Har yau hotonsa ne ke nuna wa matafiya hanya a kan duwatsun gefen hanyar.