Zane a Fuskar Kwamfuta Ba Tare da Ɓata Aiki Ba

Malaman kwamfuta a Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ku daina dangwala yatsa a gilashi don nuna wa ɗalibai inda za su latsa. Ku sauke ZoomIt, manhajar Microsoft ce, kyauta. Da kun danna Ctrl da 2, linzami ya zama alƙalami. Riƙe Shift na ba da miƙaƙƙen layi, Ctrl akwati, Tab kuma da'ira. Harafin R ja ne, G kore. In hannu ya kauce, sai Ctrl da Z. E na share komai, Esc ya mayar da ku bakin aiki. Zanen ba ya taɓa fayil ɗinku. Ku gwada kafin shiga aji.