In Kwana Ya Kama Ka a Tsohon Soro Cikin Birni

Kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, yanzu ne mutanenmu na Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi suke samun sararin shiga Kano. Wani ya kai wake Dawanau, wani ya raka mara lafiya Asibitin Murtala, wani kuma kayan auren 'ya ya je haɗawa a Kantin Kwari. Sau da yawa sai kwana biyu ko uku ya kama mutum. In kana da ɗan'uwa ko uban ɗaki a cikin ganuwa, ni dai shawarata ka sauka wurinsa. Tun zamanin fatake haka birnin ya saba: baƙo ya sauka gidan fatoma, a ba shi ɗaki, a adana masa kaya, a nemo masa mai saye a Kurmi, kasuwar da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499).

Ka yi waya tun kafin ka bar gida, ka faɗi kwana nawa za ka yi, don gidan birni cike yake, wataƙila wani saurayi za a tasa a ba ka shimfiɗarsa. Kada ka je hannu rabbana. Tiya biyu ta gero, ɗan wake, man shanu ko ƙwan zabi sun fi kuɗi daraja a idon matan gida, su da komai sai sun auno. Kayanka kuma su zama na ɗauka a hannu, domin akwai lungunan da Adaidaita Sahu ba ta shiga.

Iyakarka zaure. Ka yi sallama, ka zauna, yaro ya kai saƙo. Ko an ba ka ɗaki a shigifa, kada ka leƙa tsakar gida sai maigida ya yi maka jagora, kada kuma ka hau kan soro shan iska, don daga can gidajen maƙwabta a buɗe suke.

Kafin ka kwanta, ka ɗaga kai ka dubi rufi. Na taɓa kwana uku a wani tsohon soro kusa da Dutsen Dala, ginin tubali mai kaurin bango, azarar giginya a jere kamar an auna da zare. Da tsakar rana ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa, ban taɓa barcin da ya kai wannan daɗi ba. Amma da asuba na ga garin ƙasa mai laushi ya zubo a gefen tabarmata. Da na nuna wa maigidan sai ya yi shiru, ya tsokani azarar da sanda, ashe gara ta cinye cikinta. Ya yi ta sa mini albarka. In ka ga irin wannan, ko azara ta lotsa, ko bango ya tsage daga sama, ka janye shimfiɗarka ka faɗa, babu abin kunya a ciki. Da damina kuwa har indararo ka duba, in ya toshe ruwa kan kwanta a kan soro ya jiƙa shi.

Da hunturu kada ka rufe ƙofa da kaskon gawayi a ciki. Tagogin irin wannan gini ƙanana ne, iskar gawayi kuma tana kisa cikin barci ba tare da mutum ya ji warinta ba. Ka riƙo gidan sauro da tocila. Ruwa kuwa yawancin gidajen daga hannun 'yan garuwa suke saye, don haka ka yi tattalin bokitin da aka kawo maka, in da hali ka biya kuɗin jarka biyu ba tare da an tambaye ka ba.

In ka sami sarari da hantsi, ka taka zuwa marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, da la'asar ka hau Dala ka ga birnin duka a ƙarƙashinka. Ka dawo kafin a rufe ƙofar zaure, kada a tashi dattijo ya buɗe maka.

Ranar tafiya ka sanar tun da dare. Da safe ka naɗe tabarma, ka share ɗakin, ka aika yaro ya yi maka sallama da matan gida, ka danƙa masa na alewa. Ka kuma gaya wa maigida ranar da za ka aiko masa da sabuwar gyaɗa, ka cika.