Zuwa Ga Ɗana Mai Shirin Ajiye Karatun Haɗa Magunguna



Ɗana, mahaifinka ya same ni da maganar da ka kai masa, wai za ka ajiye karatun haɗa magunguna kana aji uku, ka bi abokanka kasuwar waya ta Farm Centre, don ka ga waɗanda suka gama suna zaune ba aiki. Na zaɓi in amsa maka a fili ba tare da na kama sunanka ba, saboda irinka suna da yawa a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Nasiha uku na tanadar maka.

Da farko, ba zan ƙaryata idonka ba. Karatun shekara biyar ne, a sabon tsarin PharmD kuma shida. Yayyenka yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye musu wata takwas a gida. In ka gama, sai neman gurbin shekarar sanin makamar aiki, wanda wasu kan daɗe suna yawo da takardu kafin su samu, sannan bautar ƙasa. Albashin farko a kantin magani ba ya riƙe gida. A 2023 kamfanin GSK ma ya sanar da naɗe tabarmarsa daga Najeriya. Duk na sani. Amma kai albashin gwamnati kake hange, shi ya sa ka ce babu aiki. Aikin yana nan jibge, waɗanda ba su san shi ba ne suke yin sa.

Kwanan baya da magariba na tsaya a wani kemis a unguwarmu. Wata mata ta shigo da goyo, yaron yana ta numfashi sama-sama. Ta miƙa kuɗi ta ce, "A haɗa min na zazzaɓi na ɗari biyar." Yaron shagon, wanda na san ko sakandare bai gama ba, ya ɓallo kafso ja da rawaya guda biyu, ya ƙara farare uku, ya ƙulle a leda ya ba ta. Bai tambayi watannin yaron ba, bai tambayi ko an yi gwajin jini ba, bai ce a sha kafin abinci ko bayansa ba. Da na sa baki na ce ta kai shi asibiti, sai ta dube ni ta ce, "Baba, da wane kuɗin?" Har na isa masallaci zuciyata ba ta daina suya ba.

Kai ka fi ni sanin illar wannan ledar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta in aka sha rabi aka bari, ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, gobe a ba da maganin nan ya ƙi ci. Lasisin mai kemis na ƙananan magunguna ne da ba sa buƙatar takardar likita, amma je ka duba: allura suke yi, ƙarin ruwa suke sawa a bayan labule. Ba na zagin su duka, a ƙauyuka da yawa su kaɗai talaka yake da su. Abin da ke ƙona min rai shi ne, gurbin da suka cike naka ne, kai kuma kana shirin sakar musu shi ka tafi sayar da caja.

Lokacin muna yara, akwai wani dattijo mai ba da magani a ƙaramin asibitin garinmu. Zai ƙirga ƙwayoyin da cokali ya zuba a 'yar ambulan, ya zana da'ira ɗaya ta safe, ɗaya ta rana, ɗaya ta dare, don iyayenmu mata ba sa karatun boko. Sannan ya ce, "Maimaita min, Inna." Sai ta maimaita daidai zai sallame ta. Keke kawai ya mallaka, amma ranar da ya rasu kasuwar garin ba ta ci sosai ba. Ku 'yan yanzu tun ba ku iya aikin ba kuna lissafin motar da zai saya muku. Wa ya koya muku haka? Wane ilimi ne ya taɓa biyan mai shi tun yana aji uku?

Kana ƙarami a 2008 lokacin da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda gubar sinadari ta shiga cikinsa, ya kashe yara 84 a ƙasar nan. Kana da wayo a 2018 da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, bayan binciken BBC ya nuna yadda matasanmu suke kwankwaɗarsa. Ka kuma san Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Irin karatunka ta yi. 'Yar'uwarta ta rasu sanadin jabun allurar ciwon sukari, ita kuma ta yaƙi masu jabun magani har aka harbi motarta. Da ta tsaya auna albashi tun tana ɗaliba, wa zai yi wannan aikin?

In kuma kasuwanci ne ke jan ka, ai jininmu ne, ba na ganin laifinka. Sai dai magani ma kasuwa ne, kuma kasuwa ce mai ƙofa. Doka ba ta yarda a yi rajistar babban kantin magani ba sai da mai lasisi da zai tsaya a kansa. A 2024 aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a kan titin Zariya, don a riƙa sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Duk inda aka tsaurara irin wannan doka, mai takardarka ake nema. Abu ɗaya nake roƙonka tun yanzu: in Allah Ya ba ka lasisin, kada ka shiga sahun masu ba da hayarsa, a rataya a bangon shago su kuma suna wani gari suna karɓar kuɗi. Duk ran da ya salwanta a shagon nan, da kai za a tsaya gaban Allah.

Na ce nasiha uku, ga shi takarda ta cika. Bari in taƙaita. Da ce min ka yi karatun ne ya fi ƙarfinka, ko ranka ya ƙi shi, da sai mu yi maganar sauya sashe, wannan ba abin kunya ba ne. Amma tsoron gobe ka kawo, alhali kasuwar waya ba za ta gudu ba nan da shekara uku, gurbin da ka samu kuwa dubbai suka nema suka rasa, kuma in ka sake shi da wuya ya dawo. Mahaifiyarka awakinta ta sayar ta cika kuɗin rajistarka ta farko, ba ta taɓa gaya maka ba ne.

Ka yi istihara. Kada ka sa hannu a kowace takardar janyewa. Ka je ka yi rajistar wannan zangon, kuɗin yana wuyana. In an yi hutu ka biyo ta gidana, mu zauna da mahaifinka mu uku, ka faɗi duk abin da ke ranka, ni kuma zan saurare ka har ka gama. Allah Ya yi maka albarka.

Naka,
Baffanka.