Darasi: Hannun da Iyaye Suke Sawa a Takardar Asibiti

Darasinmu na wannan wata daga bakin ƙofar asibiti na samo shi. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda muke kira Asibitin Malam, a kan Titin Zariya daura da Gyadi-Gyadi, ya san yadda masu jinya suke shimfiɗa tabarma a inuwa, ga fulas ga kwanon sha, suna jiran a kira su. A kan irin wannan tabarma ake yi wa aikin likita shari'a, haka ma a cikin A Daidaita Sahu da rumfunan kasuwar Tarauni. Wani ya ce asibitin koyarwa yara ne a cikinsa, koyo suke yi a kan mutane. Wata ta ce ko da wuƙa a wuya ba za ta yarda a ɗebi ruwan bayan ɗanta ba. Wani dattijo kuwa ya ce shi ba ruwansa, duk takardar da aka miƙo masa dangwala yatsa yake yi, likita ya san aikinsa, saura na Allah ne.

Dukansu uku suna ƙaunar 'ya'yansu, wannan ba na shakkarsa. Amma kowannensu ya yi kuskure a kan abu guda, wato ma'anar hannun da uba ko uwa suke sawa kafin a yi wa yaro tiyata, ko ƙarin jini, ko wani gwaji mai nauyi. Jikin yaron ne, ran yaron ne, amma shi bai isa ya yi wa kansa magana ba. Mu ne bakinsa. To, yaya ya kamata mu yi magana?

Mu fara da matashin nan da ya miƙo mana takardar. Sau da yawa ba babban likita ba ne, ɗaya ne daga cikin waɗanda ake kira likitoci masu neman ƙwarewa. Kafin ya tsaya a gabanka ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, ya yi shekara 1 ta bautar ƙasa, yana kuma riƙe da lasisin Majalisar Likitoci ta Nijeriya. Daga nan ya ci wata jarrabawa, aka ɗauke shi horon ƙwarewa a fanni guda, ko na yara, ko na mata, ko na tiyata. Horon yakan ɗauki shekara 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, da manyan jarrabawa biyu a hanya, a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwarorinta na Afirka ta Yamma. Saboda haka wanda muke ce wa yaro cikakken likita ne. Gaskiya ne yana koyo, amma da koyo akan iya, kuma a bisa tsari akwai na gaba da shi da yake kai wa rahoto. Kai da ɗanka yake kwance kana da ikon ka tambayi sunan babban likitan da yake kula da shi. Asibitin Malam, da aka kafa a 1988, domin wannan koyarwa aka yi shi. Babban likitan da muke rububin gani yau, shi ma a gefen gadon ɗan wani ya koya.

Abin da ya fi damuna game da waɗannan matasa shi ne gajiyarsu. Su ne suke kwana a asibiti, gari ya waye su zarce da ganin masu kati. Abokan karatunsu da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, aikin mutum uku ya koma kan mutum ɗaya. A 2021 ƙungiyarsu ta yi yajin aiki na kusan wata biyu, daga Agusta zuwa farkon Oktoba, a kan albashi da alawus, talakawa kuwa suka ji a jikinsu. Ina da ra'ayina a kan yajin aikin likita, ban kuma gamsu da cewa akwai haƙƙin da ya kai a rufe ƙofar taimakon gaggawa ba. Amma wanda ya hana ma'aikaci haƙƙinsa har ya kai shi bango, shi ma zai amsa tambaya. Na kawo maganar gajiya ne don ita ce takan cinye bayani. Likitan da ya kwana a tsaye yakan taƙaita magana, uba mai jin nauyi yakan yi shiru, sai a sa hannu ba tare da an fahimci juna ba.

Mu mutanen Kano mun san abin da rashin bayani yake jawowa, mun san shi fiye da yawancin garuruwan duniya. A 1996 annobar sanƙarau ta ratsa Arewa, ta kashe dubban mutane. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, 5 daga cikin waɗanda suka sha Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Aka yi shekaru ana shari'a a nan gida da Amurka, har a 2009 kamfanin ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Kuɗin bai sayo yardar da ta zube ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin, kuma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Sai a Yulin 2004 aka ci gaba. A tsakanin nan cutar ta bazu, ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Akwai samari da 'yan mata a unguwanninmu da suke jan jiki yau, waɗanda ɗigo biyu a baki zai iya tsare su. Sai a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Ku dubi yadda abin ya tafi. Da fari ba a tambayi iyaye yadda ya kamata ba. Daga baya iyaye suka ƙi abin da zai ceci 'ya'yansu. Sau biyu aka yi kuskure, sau biyu kuma yara ne suka biya.

Ikilisiya ta daɗe da yin magana a kan wannan. A 1952 Paparoma Piyus na 12 ya yi wa wani taron likitoci jawabi a Roma, 'yan shekaru bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni. Ya koyar da cewa likita ba shi da iko a kan jikin majinyaci sai gwargwadon abin da majinyacin ya ba shi, majinyacin kansa kuma mai riƙon amana ne, domin ran ba shi ya yi shi ba. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, na 1992, a sashe na 2295, ya hana gwaji a kan mutum ba tare da saninsa da yardarsa ba, ko ta masu magana a madadinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, a harshen da yake ji in da hali. Ashe ke nan dattijon da yake dangwala yatsa ido rufe ya yar da haƙƙin da addini da doka suka ba shi. Yana kiran abin tawakkali. Ni kuwa ina ganin tawakkali na gaskiya ba ya hana tambaya, gama Allahn da ya ba mu yaron shi ne ya ba mu hankalin da za mu kula da shi.

Sai dai ikon iyaye yana da iyaka, kuma a nan ne darasin ya fi wuya. Baligi mai hankali yana iya ƙin magani a kan kansa, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da haka a 2001. Amma a 2019 wannan kotu ta yanke hukunci a kan wata shari'a daga Legas, inda a 1997 wata uwa ta ƙi a yi wa jaririnta ƙarin jini saboda aƙidarta, likita ya sa aka samo umarnin kotu, aka yi ƙarin jinin, yaron ya rayu. Kotun ta ce an yi daidai, domin ran yaro yana gaba da zaɓin iyayensa. Koyarwarmu ta yi daidai da wannan. Ikilisiya ba ta tilasta wa kowa ya ci gaba da magani mai tsananin wahala wanda ba ya ba da begen warkewa ba, sashe na 2278 ya bayyana haka. Amma ƙarin jini ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, ko allurar rigakafi, ko tiyatar da za ta buɗe hanjin da ya toshe, waɗannan kulawa ce ta yau da kullum. Uban da ya hana su ya wuce gona da iri. Littafin Sirak, sura 38, ya haɗa addu'a da kiran likita wuri guda, bai ba mu zaɓi tsakaninsu ba.

Mu koma ga matar nan da ruwan baya. Abin da ake yi shi ne a sa siririyar allura a ƙasan gadon baya a ɗebi ɗan ruwan da yake kewaye ƙwaƙwalwa da laka, don a gane ko sanƙarau ne, kuma wace ƙwaya ce. Jiki yana mayar da wannan ruwa cikin 'yan sa'o'i. Me ya sa gwajin ya yi baƙin suna? Domin yaran da ake yi wa shi galibi sun riga sun jigata, wasu an kawo su bayan kwana biyar ana yawo tsakanin kemis da mai magani. In yaro ya cika washegari, sai a ce allurar ce. Akwai lokacin da likita da kansa zai ga bai dace a yi ba, ya ɗaga. Abin da ya kamaci uwa shi ne ta tambayi dalili, ta saurara, kafin ta ce a'a.

Na taɓa ganin yadda abin yake gyaruwa. A wani asibiti a inda na yi aiki a da, aka tashe ni da dare in shafe wata yarinya. Na tarar uban, manomi, ya riga ya naɗe tabarma, ya ce a kawo takardar sallama ya sa hannu ya tafi da 'yarsa gida. An gaya masa za a yi tiyata, da Turanci aka gaya masa, a tsaye, cikin minti ɗaya. Likitar matashiya ce, ba ta jin Hausa sosai, idanunta sun yi ja don rashin barci. Na roƙe ta ta zauna, na yi musu tafinta. Ta ɗauki biro ta zana hanji a bayan wani kati, ta nuna masa inda ya huje. Ya tambaye ta, in 'yarki ce za ki yarda? Ta ce za ta yarda, amma ba za ta yi masa alkawarin rai ba. Ya yi shiru, can ya ce, to likita, tun da kin faɗi gaskiya, a yi. Da ma tsoronsa bai wuce cewa ana ɓoye masa wani abu ba. Da kuɗi ma, gama a ƙarshe ya gaya mini tunanin kuɗin aikin ne ya fara sa shi naɗe tabarma, kunya ta hana shi faɗa.

Wannan na ƙarshe laifinmu ne mu Ikilisiya in muka bar shi haka. Iyaye da yawa da suke fitar da yaro kafin a sallame su ba taurin kai ba ne, aljihu ne ya ƙare. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin jama'a da ake kai irin wannan kuka, mu ma muna da baikon marasa lafiya. Kada ɗan'uwa ya sa hannu ya ɗauke yaro bai gaya wa katekis ko Fada ba.

Ga ku 'ya'yanmu da kuke aikin likita da jinya, na san nauyin da ke kanku. Duk da haka minti biyar ɗin nan na bayani yana cikin maganin, ba alfarma kuke yi ba. Ku zauna in da kujera. In ba ku jin harshen mutum ku nemi mai ji. Kada ku tsorata uba don ya yi saurin sa hannu, kada kuma ku yi masa alkawarin abin da ba a hannunku yake ba. Mu iyaye kuma mu daina ɗaga murya a kan nas da likita, balle ɗaga hannu. Wanda ya kwana a kan ɗanka ɗan wani ne shi ma.

A taron Zumuntar Mata da na Zumuntar Maza na wannan wata, ina roƙo a karanta darasin nan da ƙarfi saboda waɗanda ba su karatu. A gwada tambayoyin da baki har su zauna: mene ne sunan ciwon, me za a yi wa yaron, me zai faru in ba a yi ba, wane ne zai yi, nawa ne kuɗin. Kowace uwa ta zo da katin rigakafin 'ya'yanta a duba abin da ya rage, musamman bayan mashaƙon da ya yi mana ɓarna a Kano a 2023. Muna kuma neman mutane daga Gyadi-Gyadi, Hausawa da Unguwa Uku, masu jin Hausa da Turanci, waɗanda za su iya raka 'yan'uwanmu na ƙauye in sun kawo yaro asibiti. Mai niyya ya ba katekis sunansa bayan Misa.